ƘAYA A CIKIN JIKI: MAI BI, CIWO DA MAGANI MAI ƘARFI

Wurin karatu: 2 Korantiyawa 12:7-10; Ishaya 38:1-5, 21

Gabatarwa

A kowace ranar Lahadi akwai waɗanda suke zaune a majami'a tare da mu, suna raira waƙa tare da mu, amma in an ce a miƙe tsaye domin addu'a sai sun dafa benci sun cije leɓe. Akwai dattijon da tafin ƙafarsa ke zafi kamar ya taka garwashi, akwai uwar da shekarun noma da ɗaukar itace suka bar mata ciwon baya, akwai matashi mai sikila, akwai mai kansa da ke kwance a gida. Da yawa daga cikinsu an rubuta musu magani mai ƙarfi, maganin kuwa ya zo da tasa wahala. Wani yana tambaya a zuciyarsa ko shan irin wannan magani rashin bangaskiya ne. Wani kuma ya riga ya san maganin ya kama shi, kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Maganar Allah tana da abin faɗa wa dukansu biyu.

1. Littafi Mai Tsarki bai raina ciwo ba

A Ayuba 7:3-4 da kuma 30:17 mun ga mutumin da dare ya zame masa abin tsoro. Yana kwance yana juyi har gari ya waye, ƙasusuwansa suna sukarsa, zogi kuma bai ba shi hutu ba. Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon jijiya zai gane wannan bayani. Ayuba bai ɓoye kukansa ba, amma a ƙarshen littafin da abokansa Allah ya yi fushi (Ayuba 42:7), su da suka nace cewa lalle wani zunubi ne ya jawo masa wannan hali. Ubangijinmu ma ya rufe wannan ƙofa sa'ad da almajiransa suka tambaye shi laifin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho (Yahaya 9:1-3). Saboda haka kada kowa ya ɗora wa mai ciwo kayan zargi a bisa kayan da yake ɗauke da shi.

Yakubu ya yi kokawa a Feniyel, aka taɓa shi a kwatangwalo, ya fita da albarka da sabon suna, ya kuma fita yana ɗingishi (Farawa 32:24-32). Bulus Manzo ya roƙi Ubangiji har sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa. Nassi bai faɗa mana ko mece ce ƙayar ba, amma ya faɗa mana ba a cire ta ba, an dai ba shi alheri isasshe. Mutum yana iya zama cikin tsakiyar nufin Allah alhali jikinsa yana ciwo.

Akwai kuma hikimar Mahalicci a cikin jin zafi. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a tsakanin masu kuturta a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa yawancin asarar yatsu da masu wannan cuta suke yi tana zuwa ne domin cutar ta kashe jijiyoyin ji. Mutum zai taka ƙusa ko ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba, miki ya ruɓe, yatsa ya tafi. Hausawa sun ce jiki magayi. Ciwo mai gadi ne da Allah ya sa a bakin ƙofa. Sai dai a wannan duniya da ta fāɗi, wani lokaci mai gadin yakan ci gaba da kururuwa bayan ɓarawo ya daɗe da tafiya. Irin wannan ciwon ne yake gajiyar da mutum, shi ne kuma yake bukatar hikima wajen bi da shi.

2. Magani kyauta ce daga wurin Allah

Sarki Hezekiya ya yi rashin lafiya har ya kai bakin mutuwa. Ya juya fuskarsa ga bango ya yi addu'a da kuka, Allah kuwa ya ƙara masa shekara 15. Amma annabin da ya kawo wannan alkawari shi ne kuma ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun (Ishaya 38:21). Alkawari da magani sun fito daga baki ɗaya. Basamariyen kirki ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan mutumin da 'yan fashi suka sassara (Luka 10:34). Bulus ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23), ya kuma kira Luka ƙaunataccen likita (Kolosiyawa 4:14). Iyayenmu cikin bangaskiya sun gane wannan, shi ya sa bishara ta iso wurare kamar Vom da Garkida da Egbe tare da asibiti.

Nassi biyu ne akan kawo domin a tsorata masu shan magani. Na farko shi ne labarin sarki Asa, wanda ciwon ƙafa ya kama shi a shekara ta 39 ta mulkinsa (2 Tarihi 16:12). Laifin Asa shi ne ya juya wa Ubangiji baya ya sa dukan begensa ga masu magani, kamar yadda tun da fari ya dogara ga sarkin Suriya maimakon Allah. Hezekiya ya nemi Allah ya kuma karɓi ɓaure, ba a kuwa zarge shi ba.

Na biyu shi ne cewa Yesu ya ƙi shan ruwan inabin da aka gauraya da mur a Golgota (Markus 15:23), abin da yakan rage wa wanda za a gicciye azaba. Gaskiya ne ya ƙi. Amma ƙoƙon da yake sha a ranar nan ƙoƙon fansar duniya ne, ya kuma nufa ya shanye shi da hankalinsa a jikinsa. Ciwon bayanka, ɗan'uwa, ba ya biyan bashin zunubin kowa. An riga an biya wannan bashi sau ɗaya tak. Mai ƙin magani domin yana tsammani azabarsa tana ƙara masa tsarki yana neman ƙara wani abu ne a kan aikin da Almasihu ya ce ya kammala.

Wannan gardama tsohuwa ce. A 1847, sa'ad da Likita James Simpson na Edinburgh ya fara amfani da kulorofom domin sauƙaƙa wa mata naƙuda, ya rubuta amsa ga masu ganin hakan ya saɓa wa Nassi, ya tuna musu cewa Allah da kansa ya sa Adamu barci mai nauyi kafin ya ɗauki haƙarƙarinsa (Farawa 2:21).

3. Ka san irin ciwonka

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da abubuwa uku: jijiyar jini, jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma jijiyar da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa. Don haka in ka ce wa likita jijiya ke damunka, ba ka gama bayani ba. Ciwon tsoka yakan zo da nauyi da tsami da ɗaurewa, yana ƙaruwa in ka motsa wurin ko ka danna shi. Ciwon jijiyar ji kuwa yakan zo da ƙuna, da suka kamar allura, da fizga kamar wutar lantarki, ko tafiyar kiyashi a fata, ko mutuwar wurin. Wani ko zanen rufa ya taɓa ƙafarsa sai ya yi ƙara. Ciwon sukari, da kuturta, da ƙanjamau, da yawan shan giya, da matsewar jijiya a ƙashin baya, duk suna kawo shi. Wani maganin tarin fuka ma yana iya taɓa jijiya, shi ya sa akan haɗa shi da bitamin B6.

Sanin bambancin yana da amfani domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Farasitamol da diklofenak da ibufurofen sukan taimaki tsoka da gaɓoɓi, amma ba su cika yi wa ciwon jijiyar ji wani abin kirki ba. Shi likitoci sukan ba shi magunguna irin su amitiriftilin, ko gabafentin, ko firegabalin. Waɗannan ba sa aiki a dare ɗaya. Akan fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, sai an yi makonni kafin a ga amfaninsu, kuma a farko sukan kawo jiri da barci, amitiriftilin kuma yana busar da baki. Mutane da yawa sukan watsar da su bayan kwana uku su ce ba sa aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Magungunan da muke ɗauka ƙanana su ma suna da iyaka. Farasitamol in ya wuce giram 4 a yini ga babban mutum yana iya lalata hanta. Diklofenak da danginsa, in aka daɗe a kansu ko ana shan su da yunwa, suna kawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, suna kuma tā da hawan jini. Ku yi hankali da haɗin ƙwayoyi marasa suna da ake ƙulla wa mutum a leda a kemis ko a tasha, gama ba ka san abin da kake haɗiyewa ba.

Ga ciwon tsoka da na baya, doguwar kwanciya takan ƙara ɗaure jiki. Tafiya kaɗan kaɗan kowace rana, da gasa wurin da tsumma mai ɗumi, da tausa, da motsa jiki irin wanda ma'aikatan sashen gashi na asibiti suke koyarwa, sukan yi aikin da ƙwaya ba ta yi. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta mutu kuwa, kada ya sa ta a ruwan zafi, kada ya yi yawo ba takalmi, kada ya yarda a yi masa tsaga ko sakiya a wurin, ya kuma duba tafin ƙafarsa kowace rana. In ciwon baya ya zo da raunin ƙafafu, ko mutum ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, a kai shi asibiti a ranar, a yi addu'ar a kan hanya.

4. Magani mai ƙarfi da wahalarsa

Mofin, da tiramadol, da kodin, da allurar fentazosin dangi ɗaya ne. Ga mai kansa, da wanda aka yi wa tiyata, da mai sikila a lokacin da ciwonsa ya tashi, jinƙan Allah ne. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara yadda za a riƙa hawa daga ƙaramin magani zuwa babba domin masu kansa kada su mutu cikin azaba. Iyalin da suka hana mahaifinsu mofin a kwanakinsa na ƙarshe domin tsoron kada ya saba da shi, sun hana shi hutun da zai ba shi zarafin yin addu'a da sa wa 'ya'yansa albarka.

Amma maganin yana da wahalolinsa, ya kuwa kamata mai jinya da masu kula da shi su san su. Tashin zuciya da jiri da yawan barci sukan zo a kwanakin farko, galibi kuma sukan ragu in jiki ya saba. A wannan lokaci kada mutum ya tuƙa mota ko babur, kada ya hau bishiya ko rufin ɗaki, ya kuma riƙa tashi daga kwance a hankali. Taurin bayan gida shi ne wanda ba ya wucewa muddin ana shan maganin, domin yana rage motsin hanji. A sha ruwa sosai, a ci gwanda da lemu da miyar ganye, a riƙa takawa, a kuma roƙi likita tun ranar farko ya haɗa da maganin sassauta ciki. Mutane da yawa suna jin nauyin faɗar wannan, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Babban hatsari shi ne numfashi. Waɗannan magunguna suna rage shi, musamman in aka haɗa su da burukutu ko ogogoro ko maganin barci, ko aka haɗa su da gabafentin da firegabalin ba da sanin likita ba. In kun ga mai jinya ba ya farkawa in an tashe shi, numfashinsa ya yi nisa da juna, leɓunansa sun sāke launi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura, ku kwantar da shi ta gefe ku garzaya asibiti. Akwai allura mai suna nalokson da ke warware wannan in an kai da wuri. Tiramadol kuma in ya yi yawa yana kawo farfaɗiya. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, hukumar NAFDAC kuma mai miligiram 50 da mai 100 ta yarda da su, amma masu fasa ƙwauri suna shigo da mai 225. Allurar fentazosin, in mutum ya shiga yi wa kansa, takan taurara tsoka ta bar gyambon da ba ya warkewa.

5. Kada wani abu ya mallake mu

Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa ko abin da yake halal bai kamata ya mallaki mai bi ba (1 Korantiyawa 6:12). A nan muna bukatar rarrabe abu biyu. Duk wanda ya sha irin wannan magani na makonni, jikinsa zai saba da shi. In ya daina farat ɗaya zai yi gumi da hamma da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Wannan halin jiki ne, ba zunubi ba ne, maganinsa kuwa shi ne likita ya riƙa rage masa kaɗan kaɗan. Saboda haka duk mai wa'azin da ya ce wa mutane su zubar da magungunansu a gaban bagade domin su nuna bangaskiya, yana jefa tumakin Ubangiji cikin hatsari. Sa'ad da Yesu ya warkar da kutare ya aike su wurin firistoci su duba su (Luka 17:14). In Allah ya taɓa ka, koma wurin likita ya tabbatar, shaidarka ma za ta fi ƙarfi. Haka yake ga azumi. Wanda ke kan magani ya nemi shawarar likita kafin ya shiga azumin ikkilisiya, gama Allah ba ya jin daɗin hadayar da ta huda cikin bawansa.

Bauta kuwa tana da alamunta. Mutum ya fara shan maganin domin baƙin ciki ko domin ya sami ƙarfin aikin gona da na haƙar ma'adinai, yana ƙara wa kansa adadi, yana zagaya kemis kemis, yana yi wa matarsa ƙarya, kuɗin makarantar yara yana tafiya a ƙwaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Rahoton 2018 na binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha magungunan wannan dangi ba bisa umarnin likita ba. A shekarar nan ne kuma gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Kada mu ruɗi kanmu cewa waɗannan miliyoyi duk a wajen ikkilisiya suke. Akwai su a ƙungiyar mawaƙa, akwai su a zumuntar matasa.

Ɗan'uwa, in kai ne, Almasihu bai yashe ka ba. Ka nemi fasto ko dattijo mai riƙe asiri ka faɗa masa, ka bar shi ya raka ka asibiti. Tuba da jinya tare suke tafiya. Kowa kuma ya kulle maganinsa inda yara da matasa ba za su kai ba, kada ya ba maƙwabci ragowar nasa da sunan taimako.

6. Aikin ikkilisiya

Cicely Saunders, mai bi ce 'yar Ingila wadda ta buɗe gidan kula da masu jinyar ƙarshe a Landan a 1967. Ta koyar cewa ciwon mutum ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da damuwar iyali, da na ruhu, kuma kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. Mai ciwon da ke tunanin kuɗin asibiti, yana kwana shi kaɗai, yana kuma jin kamar Allah ya manta da shi, zafinsa yakan fi na wanda ke kewaye da masu ƙaunarsa. Likita yana da nasa rabo, sauran kuwa namu ne.

An umarce mu mu ɗauki nauyin juna (Galatiyawa 6:2). Mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayyen nan har suka buɗe rufin ɗaki domin su kai shi gaban Yesu (Markus 2:3-4). Zumuntar mata ta kai abinci ta ɗebo ruwa. Matasa su yi gayya a gonar wanda bayansa ya hana shi sunkuyawa. Majalisar dattawa ta tuna da masu doguwar jinya a cikin baikon taimako, gama zuwan farko kowa yana yi, wata na shida ne ake gane mai ƙauna. A tanadi kujera mai jingina ga masu ciwon baya, kada kuma a harari wanda ya kasa miƙewa lokacin waƙa. Dattawa su je su yi addu'a su shafa mai bisa ga Yakubu 5:14, sa'an nan su tambaya ko akwai kuɗin komawa asibiti. In mun je gaisuwa mu tuna cewa abokan Ayuba sun fi amfani a kwana bakwai ɗin da suka zauna shiru.

Kammalawa

Muna bauta wa Mai Ceto wanda ƙusoshi suka ratsa hannuwansa da ƙafafunsa. Ya san zafin jiki daga ciki, yana kuma juyayin kasawarmu (Ibraniyawa 4:15). Wasu a cikinmu zai warkar da su nan take, wasu ta hannun likita, wasu kuma zai ba su alheri su ɗauki ƙayarsu kamar Bulus har ranar fansar jikinmu (Romawa 8:23), ranar da azaba za ta shuɗe (Wahayin Yahaya 21:4). Kafin ranar nan, mu karɓi magani da godiya, mu sha shi bisa ƙa'ida, mu faɗa wa likita gaskiya, mu kuma bar Almasihu kaɗai ya zama Ubangijin jikinmu.

Mu yi addu'a. Ya Uba mai jinƙai, ka dubi bayinka da ke kwana ba barci saboda ciwo. Ka ba likitoci da ma'aikatan jinya hikima da tausayi. Ka kwance waɗanda ƙwaya ta ɗaure, ka ba su ƙarfin hali su nemi taimako. Ka buɗe idanun ikkilisiyarka ta ga masu shan wuya a tsakiyarta. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.